Ƙwallon Da Aka Ci Da Ka, Da Bashin Da Ƙwaƙwalwa Ta Biya

Idan ka zauna da dattawan magoya bayan West Bromwich Albion a Ingila, hira ba za ta yi nisa ba sai an ambaci Jeff Astle. "Sarki" suke ce masa. Ya ci wa ƙungiyar ƙwallaye 174, kuma shi ne ya zura ƙwallon da ta ba su Kofin FA a 1968 a karawarsu da Everton. Wannan da ƙafar hagu ya ci ta, amma abin da ya fito da sunansa shi ne ka: in aka ɗago ƙwallo sama a gaban raga, to ta Astle ce.

Magoya baya suna tuna komai, har da minti da kusurwar da ƙwallo ta shiga. Shi kuwa mai abin, kafin rasuwarsa a Janairun 2002 yana da shekara 59, cutar mantuwa ta riga ta share masa duk wannan. Jami'in binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa cutar da sana'arsa ta jawo masa ce ta kashe shi, wato yawan buga ƙwallon fata mai nauyi da ka. A 2014 likitan ƙwaƙwalwa Willie Stewart ya sake duba ƙwaƙwalwarsa, ya gano lalacewar da ake kira CTE, wadda aka fi sani a jikin 'yan dambe. 'Yarsa Dawn ta tsaya kai da fata sai an yi bincike, magoya baya kuma suka riƙa tafi a minti na tara na wasa, don lamba tara yake sakawa.

Sai a 2019 amsa ta fara fitowa. Jami'ar Glasgow, ƙarƙashin Stewart ɗin, ta bi bayanan lafiyar tsofaffin 'yan wasan Sikotland 7,676, ta kwatanta su da sauran jama'a. Aka tarar haɗarin mutuwarsu ta cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ya ninka na sauran mutane sau uku da rabi. Binciken da ya biyo baya a 2021 ya fi ɗaukar hankalina. Masu tsaron baya, waɗanda aikinsu ke nan tare ƙwallon sama, haɗarinsu ya kai ninki biyar. Masu tsaron raga kuwa, da hannu suke aiki, kusan daidai suke da kowa. Wannan bai zama hujja yankakkiya ba cewa buga ƙwallo da ka shi kaɗai ne sanadi, domin akwai karo da gwiwar hannu da faɗuwa. Amma biri ya yi kama da mutum.

Yadda abin ke faruwa ba boyayye ba ne. Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin ruwa a ƙoƙon kai, kowane bugu sai ta girgiza. Bugu ɗaya ba ya sumar da kowa, shi ya sa ba a damu ba. Dubbai ne ke taruwa, mafi yawansu a filin atisaye inda babu ɗan kallo, sai bayan shekaru talatin a ga mutum ya manta hanyar gidansa.

Dubi tawagar Ingila da ta ɗauki Kofin Duniya a 1966. Cikin sha ɗayan da suka buga wasan ƙarshe, biyar sun yi fama da cutar mantuwa kafin rasuwarsu: Ray Wilson, Martin Peters, Nobby Stiles, Jack Charlton da ƙanensa Bobby. Bellini, kyaftin ɗin Brazil na 1958, shi ma an samu CTE a ƙwaƙwalwarsa bayan ya rasu a 2014.

Akwai masu kwantar wa kansu da hankali cewa laifin tsohuwar ƙwallon fata ce, wadda ke shan ruwa ta yi nauyi a ranar damina. Ba na cikinsu. A bushe, nauyin ƙwallon da doka ta ƙayyade bai canza ba tun 1937, ta yau kuma ta fi gudu.

Hukumomi sun motsa, ko da yake a makare. Amurka ta haramta wa yara 'yan shekara goma zuwa ƙasa buga ƙwallo da ka a 2015. Ingila ta shawarci ƙwararru a 2021 kada su wuce bugu goma masu ƙarfi a atisayen mako, Sikotland kuma ta hana atisayen ka kwana guda kafin wasa da kwana guda bayansa.

Mu da muke cika gidajen kallon ƙwallo ranar Asabar, mukan miƙe tsaye da ihu idan aka bugo kwana wani ya sa kai. Da yamma kuma ƙannenmu na fili suna kwaikwayon abin da suka gani, da ƙwallon da aka cika wa iska ta yi tauri kamar dutse, koci yana jefo musu ita ɗaya bayan ɗaya, ba mai ƙirgawa.