Daji a Idon Bahaushe: Farauta da Yawon Buɗe Ido a Tsakiyar Ƙasar Katsina

Akwai ƙasashen da babbar hajar da suke sayar wa duniya ita ce kyan ƙasarsu. Seshel, wasu tsibirai 115 da ke cikin Tekun Indiya, tana daga cikinsu. Tun da manyan jiragen sama suka fara sauka a tsibirin Mahe cikin 1971, baƙi ke zuwa daga Turai su biya kuɗi don su yi iyo, su hau duwatsu, su kalli tsuntsaye, sa'an nan su koma gida ba su ɗauki ko tsinke ba. Wannan shi ne abin da rediyo da jaridu suka laƙaba wa suna yawon buɗe ido. Manufar wannan maƙala ita ce duba ko Bahaushe yana da irin wannan fita a al'adarsa, in kuwa babu, me ya tsaya a gurbinta. Za a ɗauki misali daga yankin Yashe, wato mararrabar da hanyar Malumfashi da Funtuwa ta rabu da ta Kano zuwa Katsina, da karkarar Kusada da Kankiya.

Harshen Hausa ya rarrabe fita filla-filla. Akwai shan iska, wanda ba ya wuce bayan gari. Akwai kilisa, wadda doki ake yi wa ita, ko da yake mahayin ma yana amfana. Akwai fatauci da cin rani da yawon almajiranci, kowannensu da abin da ake nema, sai kuma yawon duniya, wanda ba yabo ba ne ga mai yinsa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake yi don kallon daji. Dalili kuwa shi ne, ga Bahaushe daji mazaunin namun dawa ne da iskoki, kuma kuka da tsamiya ba itatuwan da ake zuwa a zauna ƙarƙashinsu da tsakar rana ba ne. Wanda ya kutsa dawa ba gatari ba kwari da baka, lafiyarsa za a tambaya.

Fitar da ta fi kusa da nishaɗi ita ce farauta. Wajibi ne a bambanta ɗan farauta da maharbi. Maharbi sana'a yake yi, gado ne, shi kaɗai yake fita, yana da asirai, yana kuma ƙarƙashin Sarkin Baka. Farauta kuwa ta taro ce, ta rani, bayan an kai amfanin gona gida. Akan sa rana a sanar a kasuwa, samarin ƙauyuka da 'yan tauri su hallara da karnuka da gora da barandami, ana kaɗa musu gangi, kowa yana kirari. Abin da ake samowa bai taka kara ya karya ba: zomo, gafiya, zabo, fakara, wani lokaci gada. Sau da yawa kuɗin abincin kare ya fi naman daraja. Ashe ke nan ba nama ne ke fitar da su ba. Abin da ake nema shi ne suna, shi ya sa rigima kan wanda karensa ya fara kamu takan kai ga zub da jini. A wajen farauta ne kuma yaro ke koyon sawun dabba da sunan itace da amfanin saiwarsa, ilmin da babu shi a allo, babu a aji.

Dajin da ke ɗaukar wannan al'ada ya ƙare a tsakiyar Katsina. Daga Yashe zuwa Kankiya gona ce ke bin gona, sai gawo da ɗorawa da kanya tsilli-tsilli, waɗanda manomi ya bari don amfaninsu. Babban dajin da ya saura, wato Rugu, yana yamma, ta wajen Safana da Batsari da Ɗanmusa, amma 'yan bindiga sun mai da shi maɓoya, musamman daga 2019, har ya gagari makiyayi da mai neman itace, balle ɗan kallo. Madatsar ruwa ta Zobe kusa da Dutsin-ma, wadda aka kammala a 1983, don noman rani da ruwan sha aka gina ta.

Saboda haka Bakatsinen da ke son ganin giwa da bauna sai ya tafi Yankari a ƙasar Bauci, dajin da aka keɓe a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, inda ruwan ɗumi na Wikki yake. A nan ne asarar ta shafi harshe kai tsaye. Ɗalibin da ya tashi a Kusada yana jin barewa da gwanki da kanki da mariri cikin karin magana da tatsuniya da kirarin sarauta, amma in an ɗora masa hotunansu a gaba, da wuya ya ce ga wannan ga wancan. Malamin da ke koya masa adabin baka ma sau da yawa a littafi ya san su.