Gaskiya ko Jita-jita: Me Suga Ke Yi wa Jajayen Ƙwayoyin Jini?

Da zarar likita ya ce mutum yana da ciwon suga, sai masu ba da shawara su yi masa caa. Kowa da nasa bayanin kan abin da ke faruwa a cikin jininsa, wasu har da ƙarin "ai bincike ya tabbatar". To, masu binciken sun haura shekara 50 suna duba jajayen ƙwayoyin jinin masu wannan ciwo a ɗakunan gwaje-gwaje, kuma abin da suka gani ya gaskata wasu maganganun, ya ƙaryata wasu.

"Jinin mai ciwon suga yakan yi kauri kamar zuma."

Jita-jita ce. Baligi yana ɗauke da jini kimanin lita 5, kuma duk sugan da ke yawo a cikinsa bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, wato cokalin shayi guda. Ko na'urar awon suga ta nuna 300, sugan bai fi giram 15 ba, wanda ba zai kaurara lita 5 na komai ba. Amma masu faɗin haka ba su yi nisa da wata gaskiyar ba: jinin yakan yi nauyin gudu, sai dai matsalar a jikin ƙwayoyin take. Jar ƙwaya tana da faɗin maikiromita 7 zuwa 8, kuma dole ta lanƙwashe ta kutsa ta cikin jijiyoyin da ba su kai faɗinta ba, irin na ido da ƙoda. Tun a shekarun 1970 aka riƙa tace jini ta matata mai ƙananan ƙofofi, aka ga ƙwayoyin masu ciwon suga sun fi tauri, sun fi jinkirin wucewa. A 1981 kuma Jean-Luc Wautier da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa sun fi manne wa bangon jijiya.

"Idan na kame baki kwana biyu kafin ranar asibiti, likita ba zai gane ba."

Wannan dabara tana iya cin gwajin huda yatsa, wanda sugan wannan lokacin kawai yake nunawa. Ba ta cin gwajin HbA1c. Dalili kuwa shi ne, jar ƙwaya ba ta jiran insulin kafin suga ya shige ta, saɓanin tsoka da kitse. Duk yadda suga ya hau a jini, haka yake hawa a cikinta. Can sai ya manne wa himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar da muke shaƙa, kuma idan mannewar ta kama ba ta sakewa har ƙwayar ta mutu. Tunda ƙwayar takan rayu kwana 120, awon wannan mannewa yana tona asirin wata biyu zuwa uku da suka wuce, ko da yake watan ƙarshe ya fi rinjaye a lissafin. Wani likita ɗan Iran, Samuel Rahbar, shi ya lura da wannan baƙon himogulobin a jinin masu ciwon suga a Tehran a 1968. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da shi wajen gano ciwon, daga kashi 6.5 cikin 100 zuwa sama.

"To, ke nan HbA1c ba ya kuskure."

A nan gizo ke saƙa, musamman a wajenmu. Lissafin gwajin ya dogara ne a kan cewa ƙwayoyin kowa suna cika kwana 120, alhali ba haka ba ne. Ƙwayoyin mai ciwon sikila kwana 10 zuwa 20 suke yi, ba sa daɗewa balle su tara suga, don haka sakamakonsa zai fito ƙasa ko da ciwon suga na cinsa. Mai AS, wato wanda ya gaji sikila daga ɓangare ɗaya kawai, shi ma bai tsira gaba ɗaya ba, domin wasu na'urorin awon sukan rikice da irin himogulobin ɗinsa, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne. Akwai kuma ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ake gado kuma ya yawaita a Afirka ta Yamma: wani babban bincike da aka wallafa a 2017 ya gano cewa yana rage adadin HbA1c da kusan maki 0.8 a jikin maza masu shi. Mutumin da ya kamata ya nuna 7 sai ya nuna 6.2, a sallame shi a ce ba shi da ciwon suga. Zubar jini, ƙarin jini da maleriya mai tsanani su ma suna jan adadin ƙasa. Ƙarancin sinadarin ƙarfe kuwa, wanda ya addabi mata da yawa, sama yake tura shi.

Gwajin suga na yau da kullum ma yana da nasa cikas. Jajayen ƙwayoyi ba su da wani abinci sai suga, kuma ba sa daina ci don an zuƙe su cikin kwalba. Jinin da aka bari a kan tebur ba a raba ƙwayoyin da ruwan jinin ba yakan rasa kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na sugansa a kowace awa. Shi ya sa ake ɗibarsa a kwalba mai murfi ruwan toka, wadda ke ɗauke da sinadarin da ke hana ƙwayoyin ci.

"An gwada ganye kaza a ɗakin gwaji, ya hana suga ɓata jini, saboda haka magani ne."

Wannan ce ta fi haɗari, domin rabinta gaskiya ne. Ana yin irin waɗannan gwaje-gwaje sosai, har a jami'o'inmu, da shuwaka da zogale da makamantansu, kuma aiki ne mai amfani a matsayin matakin farko. Sai dai a duba yadda ake yinsu. Ana wanke ƙwayoyin, a raba su da ruwan jini, a jiƙa su na awanni ko 'yan kwanaki cikin sugan da sau da yawa ya ninka na lafiyayyen mutum sau biyar ko goma, don a gaggauta abin da jiki ke ɗaukar watanni yana yi. Sannan a zuba ruwan ganyen kai tsaye a kansu. A kwalba babu hanji da zai narkar da ganyen, babu hanta da za ta sauya shi, babu ƙoda da za ta fitar da shi ko ta cutu da shi. Kuma ƙwayar ba ita kaɗai take rayuwa ba: a 2018 masu bincike a Cibiyar Karolinska ta Suwidin sun nuna cewa jajayen ƙwayoyin masu ciwon suga nau'i na biyu suna raunana lafiyayyar jijiya idan aka haɗa su, abin da gwajin ƙwaya zalla ba zai taɓa nunawa ba. Duk wanda ya ajiye maganin asibiti saboda sakamakon kwalba ya yi ganganci da ransa.

"Ƙwayar da suga ya ɓata ta ɓaci ke nan."

Ita ƙwayar, haka ne. Amma ɓargo yana ƙera sababbi sama da miliyan 2 a kowace daƙiƙa, saifa kuma tana kwashe tsofaffin, don haka wanda ya riƙe sugansa da kyau zai ga HbA1c ya sauka cikin wata uku. Ido da ƙoda ne ba sa sabuntawa haka. Idan za a yi maka wannan gwaji, ka gaya wa likita irin himogulobin ɗinka, AA ne ko AS ko SS, ka kuma faɗa masa idan an yi maka ƙarin jini ko ka yi maleriya mai tsanani a watannin baya.