Aikin Sifili a Lissafin Kwadiratik

Ɗalibai da dama na shiga jarrabawar WAEC da NECO sun haddace doguwar dabarar kwadiratik tsaf, amma ka tambaye su dalilin da ya sa ake fara mayar da ɓangare ɗaya na lissafin sifili, sai su yi tsuru-tsuru. A nan kuwa gizo ke saƙar.

A ce ga fili wanda tsawonsa ya ɗara faɗinsa da mita 5, girmansa kuma murabba'in mita 84. In faɗin x ne, tsawon x + 5 ke nan, don haka x(x + 5) = 84. Buɗe baka, ka dawo da 84 hagu: x² + 5x − 84 = 0.

Sai a nemo lambobi biyu waɗanda ninkinsu −84 ne, jimillarsu kuma 5. Gwada 14 da −6, jimilla 8, ba su yi ba. Amma 12 da −7 sun zauna daram, lissafin ya rabu gida biyu: (x + 12)(x − 7) = 0.

Lambobi biyu ba sa ninkuwa su ba da sifili sai ɗayansu sifili ne. Da 84 aka bari a dama, hanyoyin samunsa ba sa ƙirguwa, ba abin kamawa. Sifili kuwa ya tilasta: ko x = 7, ko x = −12. Fili ba ya da faɗi ƙasa da sifili, saboda haka faɗi mita 7, tsawo 12.

Alkhawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun, ko kallon irin −12 ɗin nan ba ya yi. Da kalmomi zalla yake lissafi, yana zana murabba'i. A misalinsa x² + 10x = 39, ya ɗauki rabin 10, ya ninka shi da kansa ya sami 25, ya haɗa da 39 ya zama 64, ya fitar da tushensa 8, ya ɗebe 5, saura 3. Daga wannan cike murabba'in aka fitar da dabarar da yara ke haddacewa.

Ita dabarar, ranarta sai rabawa ta ƙi. Kafin ka ɓata lokaci wajen laluben lambobi, lissafa b² − 4ac, inda a, b da c su ne lambobin da ke cikin ax² + bx + c = 0. A filinmu 361 ne, wato 19 sau 19, shi ya sa ya rabu. Da girman filin 80 ne, 345 za a samu, wanda ba shi da cikakken tushe, sai a koma ga dabarar kai tsaye.