Dalilin da ya sa fitilar 'check engine' ke dawowa bayan an goge ta

Mota na tashi da bugu ɗaya, ba ta kakkarwa, ba ta zafi, amma 'yar fitilar nan mai ruwan ɗorawa ta ƙi mutuwa. A kai ta wurin mai kwamfuta ya goge, bayan kwana uku ko huɗu ta sake kamawa.

Masu motocin da aka shigo da su daga Amurka, irin su Camry da Corolla da Accord, sun san wannan ciwon kai. Sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau. Tururin fetur ne ke sulalewa ta wata kafa da ido ba ya gani.

Ina tururin yake zuwa?

Fetur na yin tururi ko mota a kashe take, musamman a lokacin zafi. Don kada ya gurɓata iska, masu ƙera mota sun haɗa tanki da wani gwangwani mai cike da gawayi, wanda ke tsotse tururin ya riƙe. Idan injin ya ɗumama, sai kwamfutar mota ta buɗe bawul ɗin da ke tura tururin cikin injin ya ƙone. Akwai bawul na biyu kusa da gwangwanin, wanda ke shigo da iska daga waje. Wannan tsari shi ake kira EVAP.

Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta tsarin OBD-II, wanda ke sa mota ta riƙa binciken kanta. Kwamfutar kan toshe bawul ɗin iska, ta zuƙe iskar da ke ciki, sannan ta auna ko matsin zai tsaya. Idan bai tsaya ba, akwai yoyo. Sai ta ga matsalar sau biyu a jere take kunna fitila.

Yawancin motoci ba sa yin gwajin sai man da ke tanki yana tsakanin kashi 15 zuwa 85 cikin ɗari. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, direbobi da dama 'yan litoci suke zubawa. Mai irin wannan mota zai iya yin makonni babu fitila, sai ya ƙara mai ta dawo, ya ɗora laifin a kan gidan mai.

Abin da lambobin ke nufi

Gogewa ba gyara ba ce. Kafin a goge, mai mota ya nemi a nuna masa lambar da na'urar ta fitar. P0455 na nufin babban yoyo. P0442 ƙaramin yoyo ne, kafa mai faɗin kusan milimita ɗaya. P0456 kafa ce mai rabin milimita. P0457 na nuna murfin tanki bai rufu ba, P0441 kuma bawul ɗin tura tururi ba ya aiki daidai.

Daga ina za a fara?

A fara da mafi arha, wato murfin tanki. A duba robar da ke bakinsa, ko ta bushe ko ta tsage, a share ƙura, a murɗa har sai ya yi ƙara. Idan za a sauya, a nemi na asali, domin jabu ba ya toshewa yadda ya kamata.

Daga nan sai bawul ɗin tura tururi. Idan aka ciro shi aka hura iska ta wuce, ya maƙale a buɗe. Alamarsa ita ce mota ta yi wuyar tashi da zarar an sha mai. Bawul ɗin iska kuwa yana ƙarƙashin mota, inda ƙurar hunturu da lakar damina ke toshe shi.

Idan duk waɗannan lafiya suke, bakanike zai buƙaci na'urar hayaki. Yana toshe bawul ɗin iska, ya tura hayaki mara ƙarfi cikin bututun, ya bi da tocila. Inda hayaki ya ɓullo, nan yoyon yake: tsagaggen tiyo, ko wuyan tanki da ya yi tsatsa, ko robar da ke saman famfon mai. Wanda ya fara sayen kaya a Ƙofar Ruwa ko Panteka kafin wannan gwaji, caca yake yi da kuɗinsa.

Kura-kurai biyu

Na farko shi ne cika tanki har baki, ana jijjiga mota bayan famfo ya tsaya da kansa. Ruwan fetur kan gangara cikin gawayin ya lalata gwangwanin, wanda ya fi murfi tsada nesa ba kusa ba.

Na biyu shi ne cire ƙwan fitilar ko liƙe ta da baƙin salatif. Fitila ɗaya ce ke ba da labarin ɗaruruwan matsaloli. Idan tana ƙiftawa, injin na tsallaken wuta ne, abin da kan ƙone na'urar tace hayaki da ke cikin salansa, kuma wannan ba ya jira. Wanda ya makantar da ita ba zai ga gargaɗin ba.

Bayan gyara na gaskiya, fitilar kan mutu da kanta idan mota ta ci gwajin sau uku a jere. Idan kuma ana jin warin fetur sosai, ko ana ganin ɗigo a ƙasa, a ajiye motar nesa da wuta har sai an duba ta.