Ƙirar Lantarki: Yi wa Dutse Mai Daraja Gida Ba Tare da Wuta Ba

Duk ɗalibin da ya yi darasin sana'o'in gargajiya ya san cewa maƙera iri biyu ne a ƙasar Hausa, wato maƙeran baƙi masu yin fartanya da gatari, da maƙeran fari masu yin zobe da warwaro da 'yan kunne. Dukkansu da wuta da zugazugi suke aiki. To amma akwai wata ƙira da ba a hura mata gawayi, wadda Turawa ke kira elektirofomin. A wannan maƙala na kira ta ƙirar lantarki, ko da yake mai karatu na iya cewa ina ƙira ba guduma ba maƙera? Na zaɓi kalmar ne domin abin da ake samu a ƙarshe aikin maƙerin fari ne.

Wani masani mai suna Moritz von Jacobi ne ya gano hanyar a ƙasar Rasha a shekarar 1838. Ta sha bamban da wankin ruwan gwal da aka sani a kasuwa. Wanki shafe ne kawai a kan ƙarfen da yake akwai, shi kuwa wannan gini ne: ƙarfen yana taruwa kaɗan-kaɗan har ya yi kaurin da zai riƙe dutse da kansa.

Ga yadda abin yake. Ana samun mazubin roba ko kwalba, a zuba tataccen ruwa, a narka wani gishirin jan ƙarfe mai launin shuɗi da ake kira kofa salfet, sannan a ƙara asid irin na batirin mota. A kula, asid ake tsiyayawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid, domin yana iya tartsatsi ya ƙona fuska. Sai a tsoma guntun jan ƙarfe a haɗa shi da jar waya, a rataya dutsen a haɗa shi da baƙar waya. Da yake dutse ba ya ɗaukar lantarki, sai a manna masa 'yar ƙawanya, a shafa fenti mai garin bakin fensir a duk inda ake son ƙarfe ya fito. Idan aka kunna, jan ƙarfen zai riƙa zaizayewa yana bin ruwan yana sauka a kan fentin kaɗai. Amfiya ɗaya a awa ɗaya tana sauke kimanin giram 1.2, shi ya sa ƙaramin abin wuya kan ɗauki awa shida zuwa goma sha biyu, wani lokaci har fiye.

A nan ne mai gaggawa ke yin asara. Wutar da ake buƙata ba ta cika wuce bolt ɗaya ko biyu ba, alhali cajar waya bolt 5 take bayarwa. Idan wuta ta yi yawa ƙarfen zai fito baƙi-baƙi mai gautsi, yana marmashewa a hannu. Don haka na'urar rage ƙarfin wuta ita ce abin da ya cancanci a kashe wa kuɗi. Mu da ke Kurmin Sarki a Suleja kuma muna da ƙarin matsala, domin idan aka ɗauke wuta a tsakiyar aiki sabon ƙarfen ba lallai ya kama tsohon ba. Gara a jona na'urar da batir ko sola. Jan ƙarfe kam ba ya wuya, ragowar wayar masu naɗin koyil ta isa, muddin an kankare rufin da ke jikinta.

Ba kowane dutse ne ke jure asid ba. Murjani da lu'ulu'un teku narkewa suke yi, sai an rufe su da jan farce mara launi. Tomalin da akwamarin da ake haƙa a jihar Nasarawa, da safayar tsaunin Mambila a Taraba, waɗannan ba ruwansu. Abin da ya fi burge ni shi ne hanyar ba ta buƙatar a yanka dutse ko a goge shi, ƙarfen yana bin surarsa yadda Allah ya halicce shi. Ƙananan gutsattsarin da dillalai ke rainawa su ma suna iya zama kayan ado.

Batun zinariya da azurfa fa? A ganina mai koyo ya haƙura da su. Ruwan da aka fi amfani da shi wajen su yana ɗauke da sayanayid, guba ce, kuma idan ta haɗu da asid tana fitar da iska mai kisa. Ba abin ajiyewa a ɗakin haya ba ne. A gina da jan ƙarfe, a kai wa ƙwararru su wanke da ruwan gwal, kuma a gaya wa mai saye gaskiya cewa wanki ne. Shi kansa ruwan shuɗin ba a zubar da shi a kwata, yana kashe kifi, kuma a sa safar hannu da tabarau, a nesanta shi da yara.

Suleja ta taɓa ganin irin wannan haɗin. A 1952 Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a garin, lokacin ana kiransa Abuja, kuma a 1954 Ladi Kwali ta shiga, ta ɗora zanenta na gargajiya a kan sabuwar hanyar gashi. Hotonta ne a bayan takardar naira 20.