Yaron da Ba Ya Zama Wuri Ɗaya a Aji

Uwargida, ko kina da yaron da kullum malami ke aiko miki da ƙararsa? Ba ya zama, ba ya sauraro, yau ya yar da fensir, gobe littafi. Kafin ki ɗauko bulala, ki sani akwai larurar da likitoci ke kira ADHD, wato ƙarancin natsuwa da yawan ƙiriniya. Kimanin yara 5 cikin 100 a duniya na da ita. An fi gano ta ga maza, domin yarinya sau da yawa shiru take yi hankalinta na wani wuri, sai a ce daƙiƙiya ce.

Ba kowace ƙiriniya ce larura ba. Likita kan duba ko alamun sun fara kafin shekara 12, sun kai wata 6, kuma ana ganinsu a gida da makaranta. Gado ne babban dalili, ba rashin tarbiyya ba. Amma ke mai juna biyu ki lura: haihuwar bakwaini, jariri maras nauyi da shan taba ko giya lokacin goyon ciki duk an danganta su da ita. Haka ma gubar dalma, wadda ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, kuma ake samu a wasu nau'o'in kwalli. Kada ki yi wasa da zuwa awo.

A makaranta ne abin ya fi ciwo. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin firamare da ƙaramar sakandare, kuma ɗan kaɗan ne daga ciki ke zuwa ga yara masu buƙata ta musamman. Ko a nan ma, makafi da kurame ake fara tunawa. Yaron da larurarsa ba ta ganuwa, a ajin da ya cika maƙil da malami ɗaya, shi ne ke shan dukan.

Saboda haka kada ku zauna jiran kuɗin gwamnati. Ke da maigida ku je ku ga malamin da kanku. Ku roƙe shi ya zaunar da yaron a gaba, nesa da taga, ya riƙa ba shi umarni ɗaya bayan ɗaya, ya raba masa aiki guntu-guntu. Idan zama ya ishe shi, a aike shi goge allo ko raba littattafai. Yabo nan take ya fi duka tasiri. Waɗannan ba sa cin ko kwabo. A taron iyaye da malamai kuma, ku tayar da maganar horar da malamai a kan larurar.

Akwai magani, amma likita kaɗai ke rubuta shi bayan bincike. Idan za ku kawo yaron sashen yara, ku taho da littattafansa da ɗan bayani a rubuce daga malaminsa.