Kafin ɗan Falgore ya sayi saun kad

Mai ɗaukar tafsirin azumi da laftof a Falgore, ko sha'irin da ke naɗar ƙasida a ɗakinsa, ya san wannan ɓacin rai: an gama ɗauka lafiya, da aka kunna sai ga wani "shuuu" da gunji a bayan murya. Shawarar da abokai kan bayar ita ce a sayi saun kad na waje, wato 'yar na'urar da ake soka wa kwamfuta ta kafar USB domin ta karɓi aikin sauti daga hannun wadda aka ƙera a cikinta. Shawarar ba ta da laifi, sai dai abubuwa uku mabambanta ake kira da wannan suna a shagunan Farm Centre da titin Beirut a Kano.

Na farko ɗan ƙarami ne kamar filash, mai rami biyu, na makirfo da na iyafis. Ya fi kowanne araha, kuma amfaninsa ga wanda ramin laftof ɗinsa ya lalace ne. Galibi akan buga "7.1" a jikinsa, amma hanya biyu kacal yake fitar da sauti, dama da hagu, sauran dabarar manhaja ce.

Na biyu shi ne V8 da 'yan uwansa, wanda 'yan TikTok suka yayata. Yana da batir a ciki, da maɓallan tafi da dariya da amsa-kuwwa. Ga mai hira kai tsaye ta waya, ya wadatar. Ga mai ɗaukar karatun malami kuwa, amsa-kuwwar da ta shiga ɗauka ba ta fita cikin sauƙi, kuma ba ya ba da wutar 48V da manyan makirfo na situdiyo ke buƙata. Nan ne da yawa suke asara: sun sayi makirfo mai tsada, sun haɗa, murya ta fito kamar daga rijiya.

Na uku shi ne irin na masu situdiyo. Behringer UM2 na cikin masu sauƙin kuɗi, yana da kafar XLR mai ƙafa uku da maɓallin 48V, yana ɗauka a 16-bit da 48kHz. Hakan ba kaɗan ba ne, domin faifan CD ma 16-bit ne da 44.1kHz. Scarlett Solo na kamfanin Focusrite na Ingila ya kai 24-bit, kuɗinsa ma ya ɗara sosai. Wanda wa'azi ko sanarwar biki kawai yake ɗauka, kuma a WhatsApp za a raba, kunnensa da ƙyar zai bambance.

Akwai kuma abin da mai shago ba lalle ya faɗa ba. Sau da yawa gunjin daga wuta yake, musamman inda ake dogaro da janareta ko caja maras kyau. Gwajin kyauta ne: a cire caja, a ɗauki minti ɗaya da batir. In ƙarar ta ɗauke, caja ko wayar wuta za a canza, kuɗin saun kad ya huta. Ɗaki mai rufin kwano ba silin shi ma yana dawo da murya, labule da katifa sun fi na'ura maganinsa.

Daga Falgore zuwa Kano tafiya ce mai cin kuɗin mota, mayar da kaya kuma sai an yi da gaske. Saboda haka mai saye ya tafi da laftof ɗinsa da makirfonsa, a haɗa a gaban mai shago, ya ɗauki muryarsa, ya yi shiru na ɗan lokaci ya saurari ƙarar da ta rage, ya motsa waya ya ga ko sauti na yankewa. Ya karɓi rasit mai ɗauke da sunan na'urar da kwanakin da aka amince zai iya dawo da ita.